Tsakanin Tanki da Tanki

Da zarar tankar mai ta kunno kai cikin gidan mai, abu na farko da ake yi shi ne a ja igiya ko a jera tsofaffin tayoyi a bakin ƙofa, a kashe famfunan sayarwa. Nan take guna-guni zai tashi a layi. Mai a-daidaita-sahu ya leƙo ya ce, "Haba oga, ga mai ya iso, me kuma ake jira?" Yaron gidan mai ya ba shi amsar da ya saba bayarwa: "A yi haƙuri malam, sai an gama saukewa." Wani daga can baya ya ce ai ɓoyewa za su yi sai farashi ya tashi. Ban ce ba a taɓa ɓoye mai a ƙasar nan ba, an yi, kuma ana yi. Amma in har don saukewa aka tsayar da ciniki, to wannan tsayawar tana cikin 'yan abubuwan da gidan mai ke yi a kan daidai, ko da ran mai jira ya ɓaci.

Fetur da ke kwance a tanki rufaffe bai cika tada hankalin kowa ba. Yakan yi wata da watanni a nan lafiya lau. Fitinarsa tana tashi ne a ɗan tsakanin nan da ya bar wani mazubi bai gama shiga wani ba. Mu kuwa a Arewa manmu ya sha juyi kafin ya iso mu. Da can an shimfiɗa bututu daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, zuwa defo-defo irin na Hotoro a Kano da na Gusau da na Jos, don mai ya riƙa tafiya a ƙarƙashin ƙasa ba tare da ya ga rana ba. Shekaru da yawa ke nan wannan tsari bai yi aiki yadda aka nufa ba, sai lodin ya koma kan titi. Yanzu litar da ka zuba wa babur ɗinka ta fito ne daga tankin matata ko cikin jirgin ruwa, ta shiga tankin defo a Legas ko Warri ko Fatakwal, daga nan ta hau tanka, ta ci tafiyar kilomita dubu ko fiye, ta sauka a tankin gidan mai. In ta bi ta hannun ɗan bumburutu kuwa, akwai sauran jarka da galan da kwalba a gabanta. Kowane juyi ɗaya daga cikin waɗannan dama ce ga wuta.

A gidan man da ake bin ƙa'ida, kafin a taɓa murfi ko a kwance tiyo, za ka ga yaron mota ya jawo wata siririyar waya mai baki irin na maƙala wa batir, ya cije ta a jikin ƙarfen tanka. Ɗaya bakin yana haɗe da wani ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Kaurinta bai fi na igiyar shanya ba, kuma a cikin dukan kayan aikin wurin ita ce mafi arha, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Ita ake fara maƙalawa, ita ake cirewa a ƙarshe. In an maƙala ta a kan fenti mai kauri ko tsatsa, daidai yake da ba a maƙala ba, sai bakin ya ciji tsurar ƙarfe.

Duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san aikin da wannan waya take yi, ko da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Ka ja bargo da dare cikin duhu ka ga wasu 'yan tartsatsi suna ƙyas-ƙyas. Ka sauko daga mota ka kai hannu ga ƙofa, ka ji wani abu ya tsikare ka a yatsa. Gogayya ce ke tara lantarki a jikin abu, busasshiyar iska kuma ta hana shi zurarewa, sai ya taru ya yi tsalle lokaci guda. Shi ma mai haka yake yi. Yayin da yake gudu a cikin bututu yana gogar bango, yana ratsa matacin da ke tare datti, lantarki yana taruwa a jikinsa, kuma fetur ba ruwa ba ne da zai sallame shi nan da nan. Ita tanka a kan tayoyi take tsaye, tiyo yana tsakaninta da tanki. In babu hanyar da lantarkin zai bi ya sauka ƙasa salin-alin, zai nemi tasa hanyar, sau da yawa a daidai bakin murfi inda tururin mai ya fi yawa. Tartsatsin da ya isa ya kunna tururin fetur bai ma kai wanda ke tsikarar yatsa ƙarfi ba. Wanda jikinka ba zai ji ba ya wadatar.

Saboda wannan ne ma'aikacin defo da ya san aikinsa ba ya buɗe bawul gaba ɗaya tun farko. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a fara zuba mai a hankali, gudunsa a cikin bututu kada ya wuce mita 1 a sakan guda, har sai man ya taru ya rufe bakin bututun da ke zuba shi, sannan a ƙara gudu. Bututun kuma sai ya kai gindin tanki. In aka bar mai yana faɗowa daga sama yana fantsama, an haɗa abu biyu a lokaci ɗaya: ana ƙara tara lantarki, ana kuma watsa mai cikin iska. Mai kallo daga nesa zai ɗauka ma'aikacin kasala ce ke damunsa.

Bayan an gama ma akwai wani jiran, kuma shi ne ya fi ba direba haushi. Manaja yana so ya hau ya zura sandar awo ya tabbatar litar da aka rubuta a takarda ita ce ta iso, direba yana so a sa masa hannu ya kama hanya kafin dare. Gardamar shoteji tsohuwa ce tsakaninsu, kuma ba kullum ba ne sata ke kawo ta. Fetur yana kumbura da zafi, yana tsukewa da sanyi, kusan lita 1 a kowace lita 1,000 in zafi ya motsa da digiri ɗaya. Tanka mai lita 33,000 da aka loda da tsakar rana aka auna da asuba, in bambancin ya kai digiri 10, za a iya neman fiye da lita 300 a rasa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. To a cikin zafin wannan gardama ne ake hawa a buɗe murfi a zura ƙarfe tun mai bai natsa ba. Man da aka gama harbawa yanzun nan yana ɗauke da lantarkinsa a samansa, kuma sandar ƙarfe a hannun mutum ita ce gadar da yake jira. A tanka, jiran 'yan mintoci ne. A manyan tankunan defo akan jira rabin awa kafin a zura komai.

Akwai wasu dogayen bututu sirara da ke tsaye a jere a bayan kusan kowane gidan mai, galibi a jikin katanga, sun fi tsayin mutum biyu. Mutane da yawa sun sha ganinsu ba su taɓa tambayar amfaninsu ba. Ta nan tankin ƙarƙashin ƙasa yake numfashi. In aka zuba masa lita 33,000 na fetur, dole iska mai yawan haka ta fita ta ba shi wuri, kuma iskar nan cike take da tururin mai. Shi ya sa warin fetur ke cika unguwa lokacin saukewa. Tururin nan shi ne ke kamawa da wuta. Ruwan fetur kansa ba ya ci sai ya zama tururi ya gauraya da iska, kuma ba ya buƙatar yawa: in ya kai kashi 1.4 cikin 100 na iskar wuri ya isa, har zuwa wajen kashi 7.6. Fetur kuwa yana fitar da tururin da zai kama ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da daskarewar ruwa, balle a Sakkwato cikin watan Afrilu.

Da a ce tururin sama yake tashi ya watse, da da sauƙi. Ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ƙasa yake bi, yana gangarawa kamar ruwan sama da ke neman kwari, ya shiga kwata, ya kwanta a rami, ya bi ƙarƙashin ƙofa. Ido ba ya ganinsa. In ya tarar da wuta a can nesa, sai wutar ta biyo sawunsa ta dawo har inda ya fito. Yanzu ka tuna su wane ne ke zaune a bayan katangar gidajen manmu. Mai shayi da risho ɗinsa, mai tsire da garwashinsa, mai faci da injinsa, mai cajin waya da ƙaramin janaretansa. Kowa neman halalinsa yake yi, kuma wurin akwai jama'a shi ya sa ya zaɓe shi. Ban ga laifinsu ba kamar yadda na ga laifin wanda ya ba da izinin gina gidan mai a tsakiyar kasuwa, da manajan da ba zai iya aika yaro ya ce, "Baba, don Allah a kashe wutar nan na ɗan lokaci, za mu sauke mai," ba.

Wannan lissafi na tururi da iska shi ne ya sa tanki fanko ya fi cikakke haɗari. A cikin tankin fetur da ke cike a rufe, tururin ya yi yawa har iskar da za ta ciyar da wuta ba ta isa ba. Da an kwashe man, iska ta shiga ta maye gurbinsa, gaurayen ya iya sauka daidai inda wuta ke so. Masu walda sun fi kowa sanin wannan, domin su ake kai wa tanki ko duro a ce, "Ai babu komai a ciki, tun jiya muka juye." Wanke shi da ruwa sau ɗaya ba ya fitar da abin da ya maƙale a lungunansa.

Shi kuwa man gas an raina shi, kuma da ɗan dalili, tunda sai ya yi zafi fiye da digiri 50 kafin ya fitar da tururin da zai kama. Sai dai tanka ɗaya takan ɗauki fetur yau ta ɗauki gas gobe. In aka harba gas cikin ɗakin tankar da bai rabu da tururin fetur na jiya ba, gas ya kawo lantarki, fetur ya kawo tururi, an gama haɗa komai. Kalanzir kuma iyakarsa tana wajen digiri 38. A ƙasashen sanyi wannan tazara ce mai faɗi. A Maiduguri ko Damagaram, inda bazara ke haura digiri 40 a inuwa, duron kalanzir da ya wuni a rana ya riga ya tsallake ta.

A gidan mai dai tanki yana ƙasa, tanka tana sama, nauyin man ne ke gangarar da shi, ba a buƙatar inji. Inda aikin ya fi wuya shi ne inda tanki yake tsaye a doron ƙasa, irin na masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da manyan asibitoci da otal-otal masu ajiye man janareta. A nan sai an tura man sama, ko an ɗebe shi daga wannan tanki zuwa wancan, wato sai da famfo. Famfon da aka ƙera don mai daban yake. Injinsa a rufe yake ruf cikin kasko mai kauri, yadda ko tartsatsi ya tashi a ciki ba zai fito ya tarar da tururi ba. Akwai ma wanda iska ce ke tuƙa shi, babu lantarki ko kaɗan. Robobin da ke toshe gaɓoɓinsa irin waɗanda mai ba ya ci ne. Tiyonsa akwai zaren ƙarfe a cikin jikinsa daga wannan baki zuwa wancan, don lantarki ya samu hanya. Yana da tsada, ba a musu.

Abin da aka fi gani a madadinsa shi ne injin ban ruwa, irin wanda ake kai wa fadama lokacin noman rani. Yana da arha, kowane makanike ya iya gyaransa, yana kuma ja da ƙarfi. Amma an ƙera shi ne don ya zauna a bakin kogi. Fulogi yake da shi mai tartsatsi, salansarsa tana yin zafin da ba a iya taɓawa, robarsa fetur na cinye ta a hankali har ta fara ɗiga, kuma ɗigar a kan injin take sauka. Tiyon ruwan da ake haɗa masa babu zaren ƙarfe a ciki. An sha yin aiki da shi an tashi lafiya, wannan ne ma ya sa ake ƙara yi. Ko famfon ƙwarai ma yana da nasa sharuɗɗan. In aka bar shi yana juyawa alhali bawul ɗin gaba a rufe yake, man da ke cikinsa zai yi ta dakuwa a wuri ɗaya yana ɗaukar zafi. In tankin da ake ja ya ƙare aka bar shi yana jan iska, nan ma zafi ne. Saboda haka kafin a kunna sai an bi layin da ƙafa, daga tanki zuwa tanki, an ga wane bawul ne a buɗe, wane ne a rufe.

Sai tambayar da ta fi kowace sauƙi, wadda kuma aka fi tsallakewa: tankin da za a zuba wa, wurin lita nawa ya rage a cikinsa? Kada a ɗauka wannan matsalar masu ƙaramin ƙarfi ce. A Buncefield, wani babban defo da ke arewa da Landan a Ingila, an fara harba fetur ta bututu cikin tanki mai lamba 912 da daren Asabar. Wajen ƙarfe 3 na dare ma'aunin da ke nuna cikar tankin ya maƙale, allon ɗakin kula ya ci gaba da nuna adadi ɗaya, mai kuwa yana ta shiga. Akwai na'ura ta biyu da aka sa don ta katse harbin in tanki ya kusa cika. Ita ma ba ta yi aiki ba, domin akwai wani ɗan hannu a jikinta da sai an sa masa kwaɗo yake tsayawa inda ya dace, kuma ba a sa ba. Fetur ya yi ta malala ta saman tankin, fiye da lita 250,000, tururinsa ya bazu a ƙasa har ya tsallake shingen defon. Da misalin ƙarfe 6 na safiyar Lahadi, 11 ga Disamba 2005, ya fashe. Mutum fiye da 40 suka ji rauni, wutar ta yi kwanaki tana ci, kuma rashin mutane a ofisoshin da ke kewaye ranar Lahadi da sassafe ne ya sa ba a rasa rai ba. Bincike ya gano cewa ma'aunin nan ya maƙale sau 14 a cikin 'yan watannin da suka gabata. An saba da lalacewarsa, ana ɗan taɓa shi ya tashi, a ci gaba.

In ƙasar da ke da kwamfuta a kan kowane tanki ta faɗa wannan rami, to wanda ma'auninsa sanda ce da alli sai ya ninka kula. A auna kafin a fara. A bar sarari a sama saboda kumburin zafi. A samu mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai tsayuwa kusa da bawul daga farko har ƙarshe, wanda ba za a aike shi sayo ruwan leda ba, ba zai ce bari ya je ya dawo ba. Ana yawan rubuta hana amfani da wayar hannu a gidajen mai. A ganina babbar ɓarnar waya a wurin ita ce ɗauke hankalin wannan mai tsaron, domin tanki yakan cika ya tumbatsa a cikin tsawon hira ɗaya.

Mai jarka ma bai fita daga wannan lissafi ba, ƙanƙantar mazubi ba ta canja halin mai. Jarkar roba da ake cikawa tana cikin but ɗin mota ko a kan kujerar babur ba ta da hanyar sauke lantarki. A sauke ta ƙasa, a sa bakin famfo ya taɓa bakinta, kada a cika ta fal. Wannan bai ci ko kwabo ba.

Juyi mafi muni shi ne wanda ba a shirya masa ba, wato ranar da tanka ta faɗi a hanya. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, cikin daren 15 ga Oktoba 2024, tanka ta kife, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu 2025, wata tankar mai lita 60,000 ta faɗi a mahaɗar Dikko da ke jihar Neja, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Aka kawo wata tankar don a juye man a cikinta, kuma hukumomin agaji sun ce janaretan da aka tayar don wannan aiki ne ya kunna wutar. Mutum fiye da 80 suka mutu. An yi ta magana a kan masu ɗiban ganima, an yi wa'azi, an yi faɗa, kuma ya kamata a yi. Amma ba a yi magana sosai a kan janaretan ba, alhali waɗanda suka kawo shi ba 'yan kwasa ba ne, masu aikin ceton man ne. Sun zo da abin da suke da shi.

Bayan Dikko hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai ta hana loda tankoki masu lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025. Mataki ne mai kyau, ko don titunanmu. Sai dai mai lita 45,000 da mai 33,000 suna nan suna bin hanyoyin da ramukansu ba su cike ba, kuma duk wadda ta faɗi dole a kwashe abin da ke cikinta kafin a ɗaga ta. Wa zai zo, kuma da wane famfo? Ƙungiyar masu motocin dakon mai ta NARTO, da reshen direbobin tanka na NUPENG, da dillalan IPMAN, duk suna karɓar kuɗin ƙungiya a kan lodi. Su haɗa hannu da 'yan kwana-kwana da jami'an kiyaye haɗurra, su ajiye famfon da aka ƙera don mai, da tiyonsa, da wayar ƙasa, da mutanen da aka koya wa aikin, a manyan mahaɗu irin su Dikko da Tafa da Mararrabar Jos da Kwanar Ɗangora, su kuma buga lambar da za a kira a jikin kowace tanka. Kuɗin wannan duka bai kai na tanka ɗaya da lodinta ba.